Jibin Ƙarshe na Leonardo: launi ne ke ba da labarin ko hannaye?

Ladi: Salamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aiki a makaranta kan zanen Jibin Ƙarshe na Leonardo da Vinci, wanda ke jikin bangon ɗakin cin abincin 'yan zuhudu a Santa Maria delle Grazie da ke Milan. An ce mu yi bayanin launi da alamu da halin da mutanen ciki suke. Duk inda na leƙa a intanet bakinsu ɗaya: jar rigar Yesu jini ce, shuɗin mayafinsa sama ce, tagogi uku Triniti ne (Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki a aƙidar Kirista), gishirin da ya zube rashin sa'a ne. Haka zan kwashe in miƙa? Raina bai kwanta ba, don ban ga inda shi mai zanen ya faɗi haka ba. Ga hoton zanen na saka. Masu sani a taimaka.

Nura: Ƙanwata, rubuta abin da malami ke son gani ki karɓi makinki. Leonardo ya mutu tun 1519, ba zai kai ki ƙara ba 😂

Baba Istifanus: Wa alaikumus salam 'yata. Rabu da Nura. Kafin ki taɓa launi, fara sanin wace magana ce ta faɗo a teburin nan. Ki buɗe Linjilar Matiyu sura 26 daga aya 21. Suna cikin cin jibin Idin Ƙetarewa Yesu ya ce ɗayansu zai bashe shi, sai baƙin ciki ya rufe su, kowa ya shiga tambaya ko shi ne. Ki haɗa da Yohanna sura 13, inda Bitrus ya yafuto almajirin da ke kusa da Yesu, ya ce ya tambaya wa ake nufi. To dubi hagun zanen. Wancan mai furfura da ya zuro kai ta bayan Yahuza, hannunsa a kafaɗar Yohanna yana masa raɗa, Bitrus ke nan. Aya ce aka zana ɗungurungum. Wuƙar da ke ɗaya hannun nasa kuwa, ki tuna a daren nan ne ya zare takobi ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist. Jakar da Yahuza ya damƙe, da yawa suna cewa azurfa talatin ɗin ce. Yana yiwuwa. Amma Yohanna ya faɗa a wuri biyu cewa dama shi ne ma'ajinsu, jakar kuɗi a wurinsa take zama. Mai zanen bai raba wannan gardama ba.

Anti Rabi: Baba ya shigo ta ƙofar da ta dace. Ladi, abin da Leonardo ya fi nanatawa a takardunsa game da irin wannan aiki shi ne motsi. Ya ce mai zane na ƙwarai abu biyu yake zanawa, mutum da kuma abin da ke ransa. Na farko da sauƙi, na biyu da wuya, don sai ta motsin gaɓoɓi ake iya nuna shi. Har shawara ya bayar a riƙa koyo daga kurame, tunda su da hannu suke zance. Akwai wani ɗan littafin aljihunsa a gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan, inda ya jera yadda mutane za su kasance a teburi: wani yana cikin sha ya ajiye kofi ya waiwayo wajen mai magana, wani ya murɗe yatsu ya ɗaure fuska, wani ya buɗe tafuka ya ɗaga kafaɗu har kunne don mamaki.

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A zanen nan kam, hannu za ki tambaya. Andarawus ya ɗaga tafuka biyu kamar mai cewa ba ruwana. Yakubu babba ya ware hannuwa, baki buɗe, ya ja baya. Matiyu ya juya fuska wajen dattijo Siman amma hannuwansa biyu suna nuni wajen Yesu, jiki ya rabu biyu. Wanda ya fi taɓa ni shi ne Filibus. Ya miƙe tsaye, ya sunkuyo, yatsunsa duka sun koma ƙirjinsa. Sauran suna neman wanda za su tuhuma, shi kuwa kansa yake gabatarwa: ka san zuciyata, ni ne? Kuma kansa ne ya fi na kowa tsayi a jerin. Sai ki nemi kan da ya fi na kowa ƙasa. Na Yahuza ne, ya ja jiki baya, gwiwar hannu a kan teburi, fuska a inuwa.

Wannan fa sabon abu ne a lokacin. A zanen Andrea del Castagno na wajen 1447 da na Ghirlandaio na 1480, duka a Fulorens, an ware Yahuza shi kaɗai a wannan gefen teburin, ko yaro ya gani ya san shi ne. Leonardo ya mayar da shi cikin 'yan uwansa, ya kuma cire wa kowa kambun hasken nan da ake sa wa tsarkaka a ka. Ke mai kallo sai kin neme shi, kamar yadda su ma suke nema.

Hajiya Uwani: Ni ban san zane ba, amma na san wannan zama. Na taɓa zama a taron adashe uwar adashe ta ce kuɗi sun yi ƙafa, kuma wadda ta ɗauka tana cikin ɗakin nan. Wallahi haka ɗakin ya koma. Wata ta dafe ƙirji tana rantsuwa, biyu sun haɗa kai suna ƙus-ƙus, wata ta miƙe za ta yi faɗa ba ta ma san da wa ba. Wadda ba ta ce uffan ba, ta rungume jakarta gam, daga baya ita ce. Da ɗan gari akan ci gari.

Nura: Hajiya, a wannan lissafin ai Yohanna ne ɓarawon, don ya fi kowa shiru.

Hajiya Uwani: Shiru iri-iri ne ɗana. Dubi hannunsa, ya sarƙe yatsu ya ajiye a teburi, ido a ƙasa, jiki ya saki. Na Yahuza jijiyar wuya ce a miƙe. Wanda bai iya bambance su ba, bai zauna da mutane ba.

Yakubu: Anti Rabi, da girmamawa, kin tsallake tambayar Ladi. Launi ta tambaya. Kuma ban yarda a ce launi ba shi da ma'ana ba. Ikilisiya tana da tsarin launi tun kafin a haifi Leonardo. Tun wajen shekara ta 1200 Fafaroma Innocent na uku ya rubuta launukan tufafin sujada: fari, ja, baƙi, kore, kuma ja na ranakun shahidai ne da Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. 'Yan zuhudun Dominikan da ke cin abinci a ɗakin nan kullum suna ganin waɗannan launuka a bagade. Ta yaya za su ga jar riga a jikin wanda zai zub da jininsa washegari su ce ado ne kawai? Sannan ki duba Yohanna. Yesu jar riga da shuɗin mayafi, Yohanna shuɗiyar riga da jan mayafi, an juya su daidai. Almajirin da yake ƙauna ke nan. Wannan ma tsautsayi ne?

Anti Rabi: Ƙanena, ban ce ba shi da ma'ana ba. Na Yohanna ma na yarda da kai, da gangan ne, ido yana haɗa su biyun tun kafin kai ya yi tunani. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da launi tamkar jadawali, ja kaza, shuɗi kaza, rawaya kaza. Ga misali. Mai zane Giotto a Paduwa, wajen 1305, ya lulluɓe Yahuza da ƙaton mayafi rawaya a wurin sumbar cin amana, shi ya sa za ka ji ana cewa rawaya launin maci amana ne. To je ɗakin sujadar Brancacci a Fulorens, zanen Masaccio na shekarun 1420. Wa ke yafe da mayafi ruwan ɗorawa? Bitrus, shugaban manzanni. Shi kuma Yahuzan Leonardo shuɗi da kore ya sa, babu rawaya a jikinsa. Idan shuɗi sama ce, me take yi a jikin Yahuza? Matiyu ma shuɗi, Bitrus ma shuɗi.

Akwai abin da mutumin wancan zamani yake gani a shuɗi wanda mu ba ma gani: kuɗi. Shuɗin da ya fi daraja daga dutsen lafis lazuli ake niƙo shi, dutsen kuma daga duwatsun Badakshan na Afganistan yake tasowa, ya ratso ƙasashe har ya iso Benis. Tsadarsa ta sa har a takardar kwangila ake rubuta shi. A yarjejeniyar da Ghirlandaio ya yi a 1485 da gidan marayu na Innocenti a Fulorens, an rubuta ƙarara cewa shuɗin ya zama na kusan fulorin huɗu, wato tsabar zinariyar Fulorens, kowace oza. Saboda haka idan aka yafa wa Maryamu ko Yesu wannan shuɗin, abu na farko da mai kallo ke ji shi ne an girmama su da mafi tsadar abin da ke kasuwa. Maganar sama tana iya biyowa baya.

Yakubu: To ai girmamawar ma ma'ana ce. Kin dawo hanyata.

Anti Rabi: Hanyarka ta ce a buɗe jadawali. Tawa ta ce a tambayi wa ya biya, nawa ya biya, wa ke kallo.

Malam Habu: Allah ya ba ku haƙuri zan ɗan tsoma baki. Saboda yaranmu Musulmi da ke zauren nan, ya kamata a faɗa cewa a wurinmu ba a zana annabawa, kuma Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Alƙur'ani ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 157 ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba. Na kuma ga wasu suna haɗa wannan hoto da Suratul Ma'ida, inda Hawariyawa suka roƙi a saukar musu da teburin abinci daga sama. Ƙissa ce daban, kada a cakuɗa. Ban zo ɓata muku hira ba.

Mai kula da zaure: Allah ya gafarta Malam, an ji kuma an gode. Zauren na tarihi da fasaha ne, akwai Musulmi akwai Kirista, kowa da aƙidarsa. Muna duba abin da wani Ba'italiye ya yi a bango tsakanin 1495 da 1498. Duk wanda ya kawo gugar zana zan goge.

Baba Istifanus: Malam Habu, maganarka ba ta ɓata komai ba. Mu ma a cikinmu an sha rigima kan hotuna. A daular Rumawa ta gabas an farfasa su a ƙarni na 8, a Holan ma an yi haka a 1566, kuma har gobe akwai ikilisiyoyin da ba za ka ga hoto ko ɗaya a bangonsu ba. Babu Kirista mai hankali da zai ce wannan ita ce fuskar Yesu. Fuskokin mutanen Italiya ne. Teburin ma, da kyallensa mai alamun ninki da kofunan gilashi, na zamanin mai zanen ne. A Linjilar Yohanna kishingiɗe suke, ba a jere a gefe ɗaya ba.

Nura: Tunda Baba ya ce fuskokin Italiya ne, ni dai wanda ke dama da Yesu mace na gani. An ce Maryamu Magadaliya ce aka ɓoye.

Anti Rabi: Nura, ƙirga su. Goma sha biyu ne da shi. Idan mace ce, ina Yohanna ya tafi, sayen burodi? Wannan zancen wani ƙagaggen labari ne ya yaɗa shi a 2003. Masu zanen Italiya sun saba nuna Yohanna saurayi marar gemu mai dogon gashi, haka yake a na Ghirlandaio. A wuce wurin.

Malam Sani mai fenti: Ni abin da ke ɗaure mini kai, kuna ta gardamar ja da shuɗi, alhali hoton da Ladi ta saka da wanda ke jikin kalandar shagon maƙwabcina ba launinsu ɗaya ba. Na kalanda jan kamar yau aka shafa. Na Ladi kuwa duk ya kode, ya yi dabbare-dabbare. A sana'armu in ka ga bango ya yi haka, danshi ne a ciki, fentin bai kama ba, ɓawo-ɓawo zai riƙa tashi yana zuba. Wanne ne na gaskiya?

Anti Rabi: Malam Sani, idonka na sana'a ya gano abin da nake son zuwa kansa. Na Ladi ne na gaskiya, kuma danshin ne. Yadda aka saba zanen bango a Italiya shi ne firesko: a yaɓa filasta daidai wadda za a iya gamawa a yini, a shafa launi tana ɗanya, in ta bushe launi ya zama jikin bango. Amma babu jinkiri, babu komawa gyara. Leonardo kuwa mutum ne mai nawa. Matteo Bandello, wanda ya gan shi yana aikin tun yana yaro, ya ce wata rana zai hau dandamali daga safe har magariba ko abinci ba ya tunawa, wata rana ya zo ya tsaya yana kallo, ya ɗiga burushi sau ɗaya ko biyu ya tafi. Don ya samu wannan damar sai ya yi zanen a busasshen bango, da launi irin na zanen allo. Tun yana raye ya fara ɓarewa. A bangon da ke fuskantarsa akwai zanen gicciyewa na Montorfano, firesko ne na 1495, ba a cika ambatonsa ba amma launinsa ya fi lafiya nesa ba kusa ba.

Bayan haka sai wahala kan wahala. A 1652 aka faɗaɗa ƙofa a ƙasan zanen, ƙafafun Yesu suka tafi. Sojojin Napoleon sun yi amfani da ɗakin. Masu gyara na ƙarni na 18 sun yi ta maimaita fenti a kai. A watan Agusta 1943 bam ya rushe rufin ɗakin, buhunan yashi da aka jera ne suka tsare bangon. Gyaran ƙarshe, wanda Pinin Brambilla Barcilon ta jagoranta, ya ɗauki sama da shekara 20, aka gama a 1999. Ta kankare fentin masu gyaran baya, inda babu komai a ƙasa ta cike da launin ruwa mai sanyi don a gane ba na asali ba ne.

To shi ya sa na ce a tambayi hannu. Fuskoki da launi su suka fi cin wuya, wasu fuskokin hannun mutane da yawa ya bi ta kansu. Amma inda hannu yake, da yadda jiki ya karkata, da wa ke kusa da wa, wannan bai gusa ba. Mai son ganin fuskokin yadda ya nufa ya nemi zanen gwajin da ya yi a takarda, na Yahuza da Filibus da Yakubu, suna ajiye a fadar Windsor a Ingila.

Ladi: Anti, gishirin fa? Na zuƙo hoton har ya fashe ban gan shi ba.

Anti Rabi: Da wuya ki gan shi a bangon yanzu. Ki nemi kwafin da Giampietrino, ɗaya daga cikin yaran Leonardo, ya yi wajen 1520, mallakar Royal Academy ta Landan. A can ƙafafun suna nan, gishirin ma ga shi a kife kusa da hannun Yahuza. Ma'anarsa kuwa, a wancan ɗan littafin aljihu akwai wani da ya juyo da wuƙa a hannu ya ture kofi a teburi. Ni a ganina daga nan abin ya samo asali: mutum ya razana, ya ture abin da ke gabansa.

Baba Istifanus: 'Yata Rabi, a nan kam ban bi ki ba. Me ya sa bai bar shi kofi ba, ya mayar da shi gishiri, ya kuma ajiye a gaban Yahuza? Waɗanda aka ce musu ku ne gishirin duniya, ga ɗaya ya kifar da nasa. 'Yan zuhudun nan shiru suke cin abinci ana karanta musu Littafi, kullum idonsu a bangon. Irin waɗannan ba a ajiye musu abu a banza.

Kuma akwai abin da duk kuka tsallake. Kun tsaya a kan "ɗayanku zai bashe ni". Ku dubi hannuwan shi Yesu. Na hagu a buɗe, tafi sama, wajen gurasa. Na dama a kife, yatsu a ware, ya nufi wajen kofi, kuma nan ne hannun hagun Yahuza ya nufo, don aya ta 23 ta ce wanda ya sa hannu a akushi tare da ni. Ayoyi kaɗan bayan nan ya ɗauki gurasa ya ce wannan jikina ne. A gare ni wannan ne zuciyar zanen, hayaniyar almajirai kewaye ce kawai.

Anti Rabi: Baba, wannan gardamar ta girme mu duka. Goethe, marubucin Jamus, a rubutunsa na wajen 1817 ya karanta shi a matsayin lokaci guda, lokacin da maganar cin amana ta faɗi, kuma haka aka yi ta bi. Sai Leo Steinberg, masanin tarihin zane a Amurka, ya zo a 1973 ya ce sam, lokutan biyu ne aka saƙa a hoto ɗaya, cin amanar da kafa Jibin Ubangiji. Kana tare da Steinberg ke nan. Ni ma a kan hannun dama ba ni da ja. Kuma ginin zanen yana goyon bayanka: duk layukan rufi da bango suna haɗuwa a kansa, har ramin ƙusa aka samu a gefen goshinsa na dama, inda aka ɗaura zare aka ja layukan. Tagar tsakiya ta zame masa hasken da aka hana kowa.

Hajiya Uwani: Ashe da hagu Yahuza ya miƙa hannu cikin abinci. Ba tarbiyya tun asali.

Yakubu: Hajiya 😂 damansa ai tana kan jaka. Amma Anti, kin yarda taga ta zama kambun haske, kin yarda da tufafin Yohanna, to me ya hana tagogi uku su zama Triniti? Ga almajirai ma uku-uku, rukuni huɗu.

Anti Rabi: Babu abin da ya hana. Ladi tana iya rubuta cewa masu sharhi da dama suna karanta shi haka. Kada dai ta rubuta "Leonardo yana nufin". Na taga ido ne ke gani, kai a tsakiyar haske. Na Triniti sai an ƙirga an fassara, kuma uku-uku ɗin yana da wani aikin, shi ne ya hana mutum goma sha biyu zama kamar layin karɓar albashi.

Malam Sani mai fenti: Abin da ke farantin fa? Kamar kifi nake gani.

Anti Rabi: Kifi ne. Bayan gyaran, wani mai bincike John Varriano ya nuna a 2008 cewa akwai dogon kifin nan mai kama da maciji, gasasshe, da yankakken lemo a gefe. Abincin masu hali ne a Italiyar lokacin.

Baba Istifanus: Ɗan rago ake ci a Idin Ƙetarewa. Wannan kam mai zanen ne ya sa abin da ransa ke so.

Nura: Wai da gaske minti 15 kacal ake barin mutum a ɗakin?

Anti Rabi: Da gaske, rukuni-rukuni, kuma sai ka kama tikiti tun da wuri. Ta wasu ƙofofi masu tace iska ake bi da ku saboda ƙura da danshi.

Ladi: Na samo kwafin Giampietrino, na ga gishirin. Amma yanzu yatsan Toma ne ya tsaya mini. Sama yake nunawa, ko tambaya yake, ko yatsan da zai ce sai ya sa a gurbin ƙusa ne kafin ya gaskata?

Yakubu: Yohanna 20:25, babu wata tantama.

Anti Rabi: Leonardo ya sa irin wannan yatsa a zanensa na Yahaya mai baftisma da ke gidan tarihin Louvre a Faris, shi kuma ba ruwansa da gurbin ƙusa. Je ka duba shi tukuna, Yakubu, sai ka dawo mu ci gaba.